Hoton Baban Amarya

Mai Hoto mutum ne mai tsari a aikinsa, kuma tsarin bai taɓa canzawa ba. Idan ya dawo daga ɗaukar biki, sai ya zare katin kyamara ya cusa a kwamfutar shago, ya tura hotunan zuwa ma'ajiyarsa ta intanet, ya zauna yana kallo har koren layin nan ya cika. Daga nan sai ya goge katin, domin katunansa ba su da yawa. Ya kuma goge na kan kwamfutar, domin ta tsufa, cikinta ya cika, abu kaɗan ke sa ta tsaya cak kamar jakin da aka yi wa lodi. Saboda wannan hali nata ake kiranta Rigimammiya. Idan wani ya ce masa ya riƙa ajiye kwafi na biyu, sai ya nuna sama da yatsa ya ce, "Abin da ke can, babu ɓera, babu gobara."

Ran nan da safe ya buɗe shago, ya share gaban ƙofa, ya kakkaɓe labulen da ake tsayawa a gabansa, ya zauna zai fara haɗa albam ɗin wani biki. Ya buga kalmar sirrinsa. Aka ce ba daidai ba. Ya ɗauka yatsansa ne ya zame, ya sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi. Aka sake cewa ba daidai ba. Ya gwada imel ɗinsa, ya tarar an rufe masa ƙofa. Ya gwada shafin shago, nan ma haka.

Kalmar guda ɗaya ce a ko'ina, kuma tana da tarihi. Lokacin da ya buɗe shagon, ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani abokinsa da bai kai shi shekaru ba, wanda ya fara da riƙe masa fitila a wurin biki, har sunan ya bi shi, kowa a layin yana ce masa Ɗan Fitila. Shi ne ya san kan kwamfuta, shi ya haɗa komai. Ranar da suka buɗe ma'ajiyar, suka ɗauki laƙabin kyamararsu ta farko suka liƙa masa lambar shago, suka yi dariya, suka ce wannan ce kalmarsu har abada. Mai Hoto ya sa ta a imel, ya sa ta a shafin shago, ya sa ta a ma'ajiya. Da aka fara yayin kirifto, kuɗin nan na intanet, ya buɗe asusu a wani dandalin cinikinsa, nan ma ita ya sa. Ba ya ganin dalilin da zai sa mutum ya cika aljihunsa da mabuɗai alhali ɗaya ya ishe shi.

To, zaman bai ɗore ba. Ɗan Fitila ya gaji da sunan. Ya ce ya fi shekara nawa yana ɗaukar hoton da ya fi na kowa kyau, amma har yau idan baƙo ya shigo sai a ce, "Kai, kawo wa Oga kujera." Kan kirifton ma sun yi cacar baki, domin shi kuɗin aljanu yake kiransa. Wata rana ya tattara kayansa, ya kama shago a tsallaken titi, daidai saitin ƙofar Mai Hoto, ya sa allo mai wuta. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Mai Hoto ya ɗaga kai ya dubi tsallaken. Ɗan Fitila yana tsaye yana goge gilashin ƙofarsa, yana fito.

A nan ne wayarsa ta yi ƙara. Amaryar ce, wadda albam ɗinta yake shirin haɗawa. Bikin nan ba kamar sauran ba ne. Mahaifinta ya daɗe a kwance a asibiti, amma ya dage sai an kawo shi a keken guragu. Da aka zo ɗaukar hoto sai ya ce shi ba za a ɗauke shi a zaune ba. Aka kama shi ya miƙe, ya dafa kafaɗar 'yarsa, ya ce a sake shi. Ya tsaya da ƙafarsa na ɗan lokaci kaɗan, iya abin da Mai Hoto ya danna sau biyu ko uku. Kwanaki kaɗan bayan bikin ya rasu.

"Baba Mai Hoto, ina kwana," in ji ta. Muryarta ta dushe. "Ba albam ɗin nake tambaya ba, wannan ko yaushe ne. Hoton Baba kawai nake so, wanda ya tsaya. Mama ce ke ta tambaya. Na duba wayoyin 'yan'uwa kaf, kowa ya ɗauke shi a zaune. Kai kaɗai ka samu na tsayen."

"Yana nan, 'yata," ya ce. "Yana nan. Ki ba ni zuwa yamma."

Ya rufe shago ya shiga maƙwabta, wurin mai gyaran waya da ake kira Injiniya. Ɗan shago ne ƙarami, ko'ina wayoyi a farke kamar kifi a kan tebur, ga warin dalma. Injiniya ya ɗaga gilashin da ke goshinsa.

"A'a, Oga da kansa! Yau kuma wa ya mutu? Ko Rigimammiya ce ta cika?"

"Bar wasa. An kulle ni a waje."

Injiniya ya karɓi wayar, ya shiga shafin shagon kamar kowane baƙo, ya fashe da dariya kafin ya kama bakinsa. An cire hotunan amare, an liƙa hoton wani mutum da mota mai sheƙi, an rubuta cewa mai shagon ya yi arziki da kirifto, duk wanda ya turo za a ninka masa.

"Oga, ashe ka yi kuɗi ba ka faɗa mana ba, kana barinmu muna shan shayi ba madara."

"Na ce ka bar wasa!"

Injiniya ya nutsu. Ya ce lambar wayar Mai Hoto tana nan a jikin imel ɗin, ba a kai ga cire ta ba, don haka akwai hanya. Ya yi ta dannawa, saƙon lamba ya shigo, ya saka, ya sa Mai Hoto ya zaɓi sabuwar kalma. Imel ya buɗe. Daga nan suka bi ta cikinsa suka karɓo ma'ajiyar.

Fayau take. Babu folda ko ɗaya. Kwandon sharar ma an zazzage shi.

Mai Hoto ya nemi kujera ya zauna. Aikin shekaru ne ya tafi, amma ba shi ya tsaya masa a rai ba. Tsohon nan kawai yake gani, yadda ya dafa kafaɗar 'yarsa, yadda ya ɗaga haɓa.

Injiniya yana ta gangarawa cikin tsoffin saƙonni, sai ya tsaya. "Oga, ka ga wannan? Dandalin kirifton nan naka ne ya aiko, tun watan jiya. Sun ce an yi musu kutse, an kwashe imel da kalmomin sirrin mutane. Sun ce kowa ya canza."

"Na canza ai."

"A ina?"

"A wurinsu mana. Su aka yi wa sata."

"Sauran wuraren fa?"

"Sauran me ya same su?"

Injiniya ya dafe kai. "Oga, ɓarawo ya tsinci mabuɗinka, da adireshinka rataye a jiki. Ka je ka canza kwaɗon shago, ka bar na gida da na ɗaki da na akwati, alhali duk mabuɗin nan ɗaya ke buɗe su. Haka suke yi. Ba su san ka ba, ba ruwansu da kai. Na'ura suke sawa ta bi ƙofa ƙofa tana gwadawa, wadda ta buɗe su shiga. In sun gama su share komai don ɓatar da sawu."

Mai Hoto ya girgiza kai a hankali. Idonsa yana kan titi.

"Da ɗan gari akan ci gari," ya ce. "Mutum biyu ne a duniya suka san kalmar nan."

"Mutum biyu da duk wanda ya sayi jerin kalmomin da aka sace."

"Bikin nan Ɗan Fitila aka fara yi wa magana. Na karɓe. Ka san haka?"

"Oga, Ɗan Fitila zai tallata kirifto? Shi da ke ce masa kuɗin aljanu?"

"Shi ya sa! Ba'a yake min. Yana so layi ya yi min dariya. Dubi yadda yake fito."

"Kullum yana fito. Tun yana riƙe maka fitila yake fito, har kana zaginsa."

Amma Mai Hoto ya riga ya toshe kunne. Mutum ba ya iya riƙe fushi a kan wata na'ura da ke wata ƙasa da bai sani ba. Zuciyarsa tana neman wanda za ta kama, ga kuma wani tsaye a tsallaken titi da tsumma a hannu. Injiniya ya ce ya kawo katin kyamarar ya gwada tono abin da aka goge, ko da yake bai yi alkawari ba, tunda an ɗauki hotunan fasfo da na wani taro a kansa. Mai Hoto ya miƙa masa ya fita ko sallama babu.

Da rana ya je gida. Matarsa ta ajiye masa abinci, ya zauna yana juya cokali. Ya ba ta labarin, amma yadda ya ba ta, babu dandali, babu saƙon watan jiya. Ɗan Fitila ne daga farko har ƙarshe.

"Yaron da ya ci abinci a kwanon nan," ya ce yana buga tebur. "Yaron da na koya wa riƙe kyamara. Da ya zo wurina ko murfin gilashi bai iya cirewa ba."

"Ka gan shi ya yi?" ta tambaya.

"Sai na gani? Makashinka yana gindinka."

"Baban yara, ni dai na san ranar da aka kwantar da kai, shi ya kwana a asibiti, ba ni ba. Ka tsallaka ka tambaye shi. Titi ne, ba kogi ba."

"In tsallaka? Ni? In je in durƙusa masa?"

"Wa ya ce durƙuso? Tambaya na ce."

"Zai ji tambayar," ya ce. Ya ture kwanon. "Wallahi sai ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana."

Ta bi shi har ƙofa. "In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere," ta ce. Ya yi kamar bai ji ba.

A hanya tunanin ya zo masa cikakke, kamar dama yana jiransa. Shi bai taɓa canza kalmar ma'ajiyarsa ba sai yau. To shi wancan fa? Ai tare suka yi dariyar, tare suka ce har abada. Kuma ya san imel ɗinsa kamar yunwar cikinsa.

Ya koma shago, ya tura ƙofa, ya juya allon zuwa "A rufe". Ya ja labulen taga ya bar 'yar kafa, yadda zai riƙa hango tsallaken. Ɗan Fitila yana ciki da wasu mata biyu da jariri, yana karkaɗa abin wasa sama da kyamara, yana gwalo don jaririn ya yi dariya. Wannan dabarar ma a wurin Mai Hoto ya koye ta.

Ya kunna Rigimammiya. Ta yi ta gurnani kafin ta tashi. Ya buɗe shafin ma'ajiya, ya rubuta imel ɗin Ɗan Fitila. Sannan ya buga tsohuwar kalmar: laƙabin kyamarar, lambar shago. Yatsunsa sun san hanyar da kansu.

Ta buɗe.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ɗan banza. Ka yi min sata da ita, kuma ka bar naka a buɗe."

Foldoji ne jere reras, kowace da sunan biki ko taro, an tsara su tsaf. Ya gangara yana dubawa, kowane suna yana ƙara masa wuta. Wannan gidan a da abokan cinikinsa ne. Wannan makarantar shi yake yi musu hoton ƙarshen shekara kafin a ƙwace. Can ƙasa ya ga wata folda babba, an rubuta mata "Tsohon shago".

"Ka gani ko!" ya faɗa da ƙarfi, shi kaɗai a ɗakin. "Har aikin da muka yi tare ya kwashe ya tafi da shi. Ɓarawo tun asali."

Bai buɗe ta ba. Ba ya so ya ga fuskar yaron a cikin tsoffin hotuna, yana riƙe da fitila yana washe baki, kada zuciyarsa ta yi sanyi. Ya san halin kansa. Ya danna inda ake zaɓar duka, foldojin suka yi shuɗi gaba ɗaya. Ya danna sharewa. Suka ɓace.

Ya zauna yana numfashi. Har yanzu suna cikin kwandon shara, ana iya dawo da su. Da a nan ya tsaya, da abin ya zama tsoratarwa kawai. Ya leƙa ta kafar labulen. Jaririn ya yi dariya, fitila ta haska, matan suna tafi. Sai ya tuna fayau ɗin da ya gani da safe, har kwandon an zazzage.

"Yadda ka yi min," ya ce.

Ya buɗe kwandon, ya danna zazzagewa. Rubutu ya fito yana tambayarsa ko ya tabbata, yana gargaɗin cewa ba za a iya dawo da komai ba. Rigimammiya ta tsaya cak a daidai nan, kamar yadda ta saba, 'yar da'irar tana ta juyawa. Ya jira ta. Yana da isasshen lokacin da zai janye hannunsa. Da ta farfaɗo, ya danna "Na tabbata".

Ya kashe kwamfutar, ya jingina da kujera, yana jiran daɗin ya zo. Ya ɗan zo kuwa. Ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, ya ƙiyasta fuskar yaron idan ya buɗe ya ga wayam. Ya shirya maganar da zai faɗa idan labari ya zagaya layin: Allah sarki, ashe ɓarayin nan ba su bar kowa ba.

Matan suka fito da jaririnsu. Ɗan Fitila ya rako su, ya koma ciki, ya zauna gaban kwamfutarsa. Mai Hoto ya matso kusa da labulen. Ya ga ya sunkuya. Ya ga ya ɗauki waya ya daɗe yana kallo. Ya ga ya yi 'yan danne-danne, sannan ya miƙe, ya fito, ya tsaya a bakin titi yana jiran motoci su wuce.

Ya tsallako.

Bai ƙwanƙwasa ba, ya tura ƙofar kamar yadda ya saba a da, da kafaɗa, domin tana cijewa. Ya tsaya a tsakiyar shagon. Ya dubi labulen bango, ya dubi tsohuwar fitilar da ke jingine a lungu.

"Yaya," ya ce.

"A rufe muke. Ba ka iya karatu ba?"

Ɗan Fitila ya miƙa masa wayar. Saƙo ne daga ma'ajiyar, yana sanar da cewa an share komai, da sunan na'urar da aka yi aikin da ita. Rigimammiya.

"Ni na raɗa mata sunan nan," in ji Ɗan Fitila. "Ni na rubuta shi a cikinta."

Mai Hoto ya miƙe tsaye. Tunda asiri ya tonu, sai fushin ya dawo sabo. "Eh, ni ne! Ka ji yadda ake ji? Ka share min aikin shekaru, ka mai da shafina abin dariya, kana tsammanin zan naɗe hannu?"

"Ni na share maka?"

"Wa ya san kalmar in ba kai ba?"

"Duk wanda kuɗin aljanunka suka ba wa. Injiniya ya faɗa min tun da rana. Ya ce ya yi maka bayani ka ƙi ji." Muryarsa ba ta tashi ba. "Yaya, da ina son cutar da kai, sai na jira duk wannan lokacin? Kalmar tana bakina tun ranar da na fita daga nan."

"Kai ka sani. Yanzu dai an yi kunnen doki. Je ka yi wa naka mutanen bayani."

"Nawa suna nan. Duk aikin da na yi yana kan faifai biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida. Kafin gobe na mayar da su." Ya ɗago ya dube shi. "Ka buɗe foldar ƙasa kafin ka share? Tsohon shago?"

"Wadda ka sata?"

"Ban sata ba. Taka ce." Ɗan Fitila ya nuna kwamfutar da haɓa. "Lokacin da na haɗa ta, na san halinka na goge kati. Sai na sa duk hoton da ya shiga cikinta ya tafi wuri biyu, ma'ajiyarka da tawa. Na faɗa maka a lokacin, ka ce kar in cika ka da turanci. Da na tashi ban cire ba. Na ce wata rana tsohon nan zai buƙata. Duk bikin da ka ɗauka tun bayan tafiyata yana shiga can. Ban taɓa sauke su a faifaina ba, tunda ba aikina ba ne. Yau ne kawai na buɗe, da Injiniya ya ba ni labari." Ya dubi ƙasa. "Na ga hoton. Tsohon a tsaye, ya dafa ta. Ka ɗauke shi da kyau, Yaya. Hasken ya zauna."

Mai Hoto ya lalubi bakin tebur ya riƙe. Shagon ya yi masa wani irin nisa. A waje wani mai mota yana ta danna oda.

"Tun da rana," ya ce da ƙyar. "Tun da rana ka sani. Me ya hana ka zuwa?"

"Na ce bari in ga ko za ka tsallako." Ɗan Fitila ya share fuskarsa da tafin hannu. "Sau ɗaya dai. Ka zo ka ce, ƙanena, ka taimake ni. Na ce in ba ka zo ba, ina sallamar masu jaririn nan zan zuba a faifai in kawo maka. Na zauna zan sauke ke nan."

Duk maganganun da Mai Hoto ya tanada tun safe, masu kaifi, babu wadda ta rage mai amfani.

"Ba yadda za a yi?" ya tambaya. "Kai ka san kan abin nan."

"Ka zazzage kwandon. Zan rubuta musu, amma kar ka sa rai." Ɗan Fitila ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ya kama hannun ƙofa, sai ya juyo. "Na canza kalmar, Yaya. Yanzun nan, kafin in tsallako. Tun da rana Injiniya yake ce min in canza, na ce a'a, wannan ta gida ce."

Ya ja ƙofar, ta cije, ya sa ƙafa ya taimaka mata, ya fita.

Rana ta yi sanyi lokacin da Injiniya ya leƙo, babu wasa a bakinsa. Ya ce ya tono abin da zai tonu a katin. Yawanci fasfo ne, da kujerun taro. Daga bikin, abu ɗaya ne ya fito, shi ma a karye. Ya nuna masa. Saman hoton ne kawai ya tsira: labulen bayan, da hular tsohon, da goshinsa, da idanunsa biyu suna kallon kyamara. Daga karan hanci zuwa ƙasa toka ce zalla. Babu kafaɗa, babu hannu, babu amarya, babu abin da zai nuna cewa a tsaye yake.

Mai Hoto ya wanke shi a takarda mafi kyau da yake da ita. Bai yanke tokar ba. Ya sa shi a ambulan, ya rufe shago, ya hau babur ɗinsa.

Amaryar ce ta buɗe masa ƙofa da kanta. Ta saki fuska da ganin ambulan, ta goge hannunta a jikin mayafi kafin ta karɓa. Ta zaro hoton. Ya ga yadda fara'ar ta gushe a hankali.

"Baba Mai Hoto, ina sauran?"

Ya riga ya shirya amsa a hanya, kuma gaskiya ce: an yi wa wani dandali kutse, ɓarayi sun samu kalmarsa, sun shiga sun share komai. Kowa zai yarda, har a tausaya masa. Ya faɗa mata wannan, ta saurara tana gyaɗa kai, hawaye na taruwa.

"Allah ya isa," ta ce. "Allah ya isa tsakaninmu da su."

Ya ji maganar ta sauka a kansa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"'Yata, ki dakata da Allah ya isa, ban gama ba. Kwafi biyu ne. Ɓarayi sun share ɗaya da safe. Ɗayan yana nan lafiya har la'asar." Ya dubi ƙofar, ya dubi ƙasa, sannan ya dube ta. "Ni na share shi da hannuna. Wani nake so in cuta."

Ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta gane yaren ba. Daga cikin gida muryar mahaifiyarta ta taso, tana tambaya ko mai hoton ne, ko ya kawo. Amaryar ta mai da idonta kan takardar, ta sa babban yatsa ta shafa goshin mahaifinta, ta gangaro har inda tokar ta fara, ta tsaya.

"Sai ka shigo ka faɗa mata da bakinka," ta ce. Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Mai Hoto ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shiga.